Ku Tambaya Mu Amsa: Idan Aka Kai Kuka Aka Ce “Yi Haƙuri”

Wasiƙun da suka taru a wannan fili cikin makonnin nan sun fito daga unguwanni dabam-dabam na Zariya, amma da na zauna na karanta su a jere sai na tarar yawancinsu abu guda suke kewayawa: mutum yana da abin da ke cin ransa, ya kai kuka inda yake zaton za a share masa hawaye, aka sallame shi da “yi haƙuri” tun bai gama magana ba. Na zaɓi huɗu daga ciki na taƙaita su, na kuma cire sunayen masu su da duk abin da zai sa a gane su, kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matar aure ce a Tudun Wada, shekarata tara a ɗakin mijina, muna da 'ya'ya uku. Kusan shekara guda ke nan maigidana ya janye hannu daga cefane, sai ranar da ya ga dama ya ajiye abin da bai taka kara ya karya ba, alhali kasuwarsa tana tafiya, don a cikin shekarar nan ma ya sauya babur. Da ɗinkin hula da 'yar awarar da nake soyawa nake ciyar da yaran. Na yi masa magana ya fi a ƙirga, amsarsa kullum ita ce na cika mita. Sau biyu ina zuwa gidanmu a cikin birni in faɗa wa mahaifina, kafin in kai ƙarshen zance sai ya ce in tashi in koma ɗakina, 'yar mutunci ba ta kai ƙarar miji. Mahaifiyata kuwa cewa take yi su ma haka suka zauna. Yanzu har na fara zargin kaina. Shin faɗar abin da ke damuna rashin haƙuri ne? Kuma ina da zunubin yi da mijina idan na gaya wa wani?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya yaye miki wannan damuwa, Ya karkato da zuciyar maigidanki zuwa ga haƙƙin iyalinsa. Amsar tambayoyinki biyu a taƙaice ita ce a'a, amma tun da har kin fara zargin kanki, ya kamata in tsaya in yi miki bayani dalla-dalla.

Bahaushe yana da kalmomi da yawa a wannan fage, kowace kuma da mazauninta. Gunaguni shi ne maganar da mutum yake yi ƙasa-ƙasa, ba ya so a ji sosai, ya kuma kasa yin shiru. Mita ita ce nanata abin da ya riga ya wuce, ko wanda aka riga aka gyara, har mai sauraro ya gundura. Kai kuka kuwa shi ne mutum ya ɗauki abin da ya dame shi ya je wurin wanda yake da ikon magance shi ya faɗa masa. Abin da kika yi a gaban mijinki da mahaifinki shi ne na ukun. Da maigidanki ya kira shi mita, ya ɗauke zancen ne daga kan tukunyar da ba a ɗora ba ya mayar da shi kan halinki, kuma mutane da yawa suna yin haka, maza da mata, a gida da ofis, wani lokaci ma ba tare da sun lura ba. Matuƙar yaran suna kwana da abin da hannunki kaɗai ya nemo, maganar ba ta wuce ba, saboda haka maimaita ta bai zama mita ba.

Ta fuskar addini kuwa, a Suratun Nisa'i, aya ta 148, Allah Maɗaukakin Sarki Ya bayyana cewa ba Ya son a fito da mummunar magana fili, sannan Ya togace wanda aka zalunta. Sura ta 58, wato Suratul Mujadala, sunanta ma daga wata mata ya samo asali, Khaulatu 'yar Sa'alaba, wadda ta zo wurin Manzon Allah (SAW) da kukan abin da mijinta Ausu ɗan Samit ya yi mata, tana mayar da magana tana kai ƙara ga Allah, aka buɗe surar da cewa lalle Allah Ya ji maganarta, aka kuma saukar da hukuncin da ya warware matsalarta. Ga kuma wadda lamarinta ya fi kama da naki. Hindu 'yar Utba ta ce wa Annabi (SAW) mijinta Abu Sufyan mutum ne mai rowa, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da 'ya'yanta, kuma Bukhari da Muslim duk sun ruwaito wannan. Annabi bai ce mata ta yi shiru ba, bai kuma tuhume ta da yi da mijinta ba, sai ya ba ta amsa a kan haƙƙinta na samun abin da zai wadace ta da 'ya'yanta gwargwadon abin da aka saba. Daga irin waɗannan dalilai ne malamai, cikinsu har da Imam Nawawi, suka lissafa wuraren da ambaton aibin mutum a bayan idonsa ba ya zama giba, kuma kai kukan zalunci ga mai ikon hanawa da neman fatawa suna cikin lissafin.

Masu cewa a yi shiru sukan kawo maganar Annabi Yakubu (AS) a Suratu Yusuf, aya ta 86, inda ya ce shi ga Allah kaɗai yake kai kukan baƙin cikinsa. Gaskiya ne, amma a ci gaba zuwa ayar da ke biye da ita, inda ya umarci 'ya'yansa su tafi su nemo labarin Yusufu da ɗan'uwansa. Ya kai kuka ga Ubangijinsa, ya kuma bi hanyar da ke hannunsa. Haƙurin da aka yabi masu yinsa shi ne mutum ya riƙe harshensa daga fushi da ƙaddara, ya riƙe hannunsa daga ramuwar da ta wuce iyaka, kuma neman haƙƙi ta hanyar da ta dace bai taɓa fitar da kowa daga sahun masu haƙuri ba.

Mahaifinki ba ƙin ki yake yi ba. Yana tsoron a ce 'yarsa ta kasa zaman aure, yana jin nauyin surukinsa, wataƙila ma akwai tsohuwar zumunta tsakaninsa da iyayen yaron wadda ba ya so ta taɓu. Mahaifiyarki kuwa da ta ce su ma haka suka zauna, gaskiyarta ta faɗa, kuma mai yiwuwa ita ma ba a taɓa sauraronta ba. Na fahimci wannan duka, amma ina so iyaye masu karanta wannan fili su ji ni da kyau: idan 'yarku ta zo da kuka kuka kore ta tun ba ta gama ba, ciwon yana nan inda yake, abin da kuka cire kawai shi ne ƙofar da za ta riƙa shigowa ta faɗa muku. Za ta yi shiru, ku zaci an samu lafiya, har ranar da tura za ta kai bango, a ga ta yi yaji ko a ji sammaci, sannan kowa ya riƙa tambayar me ya hana ta faɗa tun da wuri.

Ina yaro a cikin birni, akwai wani ƙanen kakana da yake limancin masallacin unguwarmu, kuma bayan La'asar akan kawo masa irin waɗannan matsaloli a zaure. Yana zaune a kan buzunsa, matar tana daga bayan ƙofar da ke shiga cikin gida, ba ya katse ta ko da za ta yi kuka ta tsaya ta sake farawa. Idan ta gama sai ya ce, “Abin da kika ce shi ne kaza da kaza da kaza, na rage wani abu?” Sai ta ce bai rage ba, ko ta ƙara abin da ya manta. A ranar ba ya yanke komai. Washegari zai aika a kira mijin shi kaɗai, ya ji nasa. Kalmar haƙuri tana zuwa daga bakinsa, amma a ƙarshe take zuwa, bayan an san wanda zai yi me, kuma na lura matan suna karɓar ta a lokacin da hannu biyu.

Shawarata gare ki ita ce ki zaɓi mutum ɗaya a danginku wanda mahaifinki yake jin maganarsa, baffanki ko gwaggonki ko wanda ya yi miki walicci, ki je takanas ki same shi. Kada ki ce kawai “ba ya kula da mu,” domin wannan magana kowa zai iya fassara ta yadda ya so. Ki faɗi abin da ake iya ƙirgawa: kwana nawa a mako yake ba da cefane, mudu nawa gidan yake ci, wa ya biya kuɗin makarantar yara a zangon da ya wuce, wa ya sayi magani da ƙaramin ya kwanta. Ki kuma faɗi abin da kike so a yi, ki bar tsofaffin laifuffukan da aka riga aka yafe a inda suke. Ayar Suratun Nisa'i ta 35 ta tsara cewa idan aka ji tsoron ɓaraka tsakanin ma'aurata a tayar da mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta, kuma amfanin wannan zama shi ne shi ma za a ji ta bakinsa, domin ba mamaki akwai bashi ko asarar da yake ɓoye miki. Idan dangi suka kasa, akwai limamin unguwa da mai unguwa, bayan su kuma akwai kotun shari'a. Ki sani zuwa wurin alƙali ba lalle ne ya zama neman saki ba, domin ci da sha da sutura da wurin kwana wajibi ne a kan miji gwargwadon ƙarfinsa, alƙali kuma yana iya tilasta masa ya sauke su aure yana nan daram. Abin da zan hana ki kawai shi ne baza zancen a gidan biki da wurin maƙwabta waɗanda ba su da ikon gyara komai, domin a nan ne kuka yake rikiɗa ya zama tsegumi.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a kasuwar Sabon Gari. Na je sarin kaya na biya naira 85,000 da katina a na'urar POS ta dila, na'urar ta nuna ba a biya ba, amma nan take saƙo ya shigo wayata cewa an cire kuɗin. Dila ya ce bai ga komai ba, dole na nemo wasu kuɗin na biya shi. Sau uku ina barin shagona in je bankina in bi layi, kullum amsar ita ce in yi haƙuri, za su dawo da kansu. Yau wata guda ke nan. A zuwana na ƙarshe raina ya ɓaci na ɗaga murya a kan yarinyar da ke kanta, har mai gadi ya raka ni waje. Abokaina sun ce in bar wa Allah. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwana, kuɗinka haƙƙinka ne, kuma barin wa Allah ba ya hana ka bin sawunsu. Amma bari in fara da inda ka yi kuskure. Yarinyar da ke kanta ba ita ta riƙe kuɗin ba, ba ta kuma da ikon mayar da su, saboda haka faɗan da ka yi mata ya zama an bar jaki ana dukan taiki, ya kuma ba su damar mayar da zancen kan halinka a bar zancen naira 85,000. Idan ka koma, ka fara da ba ta haƙuri.

Babbar matsalar ita ce duk zuwanka uku da baki ka yi su, kukan baki kuwa a ofis a kan kanta yake mutuwa, domin gobe wani ma'aikacin za ka tarar, shi kuma bai san an yi ba. Ka rubuta takarda zuwa ga manajan reshen bankinka, da Turanci ko ka sa wanda ka amince da shi ya rubuta maka, gajeriya wadda ba ta wuce shafi ɗaya ba. Ka sa sunanka da lambar asusunka da lambar wayarka, da ranar da abin ya faru da lokacin, da adadin kuɗin, da ranakun da ka zo aka ce ka dawo, sannan ka rufe da abin da kake nema, wato a mayar maka da kuɗinka. Ka haɗa da hoton saƙon cire kuɗin da ɗan rasidin da na'urar ta fitar. Wannan ɗan rasidi rubutunsa yana gogewa, musamman idan ya sha zafin aljihu, don haka ka ɗauki hotonsa yau idan har yana nan. Ka yi kwafi biyu na takardar, ka ba su ɗaya, ka nemi a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗayan, ka kuma nemi lambar shaidar koke da banki yake bai wa duk wanda ya shigar da ƙorafi. Kada ka fita ba tare da wannan lamba ba.

Tun a watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su warware matsalar kuɗin da suka maƙale a na'urar POS ko a cinikin intanet cikin sa'o'i 72, na injin cirar kuɗi na wani banki kuma cikin sa'o'i 48. Wata guda ya wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba, kuma yana da kyau ka ambaci haka a takardarka cikin ladabi. Idan mako biyu ya cika bayan ka shigar da koke a rubuce ba a yi komai ba, Babban Bankin yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, kuma ana iya miƙa takarda a kowane reshensa, har da wanda ke Kaduna. Abin da za su fara nema a wurinka shi ne shaidar cewa ka riga ka kai kuka ga bankinka, kuma a nan ne hatimin nan da lambar nan za su yi maka rana.

Tun da mun shigo wannan zance, akwai ƙofofin da mutanenmu da yawa ba su san da su ba. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a an kafa ta tun 1975, a zamanin Janar Murtala Muhammad, domin ta binciki rashin adalcin da ma'aikatu da hukumomin gwamnati da kamfanoni suke yi wa mutane, ba a biyan ko kwabo, kuma tana da ofis a kowace jiha. Sai dai dokarta ta gindaya sharuɗɗa: ba ta shiga maganar da ke gaban kotu, tana so mutum ya fara bin hanyoyin da ke akwai a inda aka cuce shi, kuma tana so a kawo kuka cikin wata 12 da faruwar abin. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne yake cin masu dogon jira, irin tsohon ma'aikacin da yake ta zarya a kan haƙƙinsa ana ce masa ya dawo gobe har shekara ta zagayo. Wanda kamfanin waya ya cinye masa kuɗi kuma, idan ya kai kuka ga kamfanin ba a saurare shi ba, yana iya kiran 622, layin kyauta na hukumar sadarwa ta ƙasa.

Na taɓa zuwa wani ofis a garin nan neman wata takarda, na ga akwatin koke-koke a jikin bango kusa da ƙofa, kwaɗonsa ya yi tsatsa, zanzaro kuma ya gina ɗakinsa daidai bakin da ake jefa takarda. Abin ya daɗe yana damuna, domin ya nuna laifin ɓangare biyu: masu ofis sun daina buɗewa, mu kuma mun daina jefawa, kowa yana kafa hujja da ɗan'uwansa. Tun 2004 gwamnatin tarayya ta kafa wani tsari mai suna SERVICOM domin ma'aikatunta su riƙa karɓar ƙorafin jama'a su amsa, amma tsari irin wannan ba ya motsi sai an matsa masa da takarda mai kwanan wata. Duk ɗan kasuwar da ya bar kuɗinsa saboda gajiya da layi, ya sauƙaƙa wa banki ya yi wa na bayansa irin abin da ya yi masa.

Tambaya: Malam, Allah Ya ƙara basira. Ni tela ne a kusa da Ƙofar Doka, ina da yara biyar a shago. Kafin Babbar Sallah wani abokin cinikina ya kawo shadda yadi goma, wata guda kafin lokaci, ya ba da kafin alƙalami, na yi masa alkawari. Aiki ya yi mini yawa, ga rashin wuta. Daren Sallah ya zo ya tarar ko yanka ta ban yi ba. Ya tsaya a ƙofar shago a gaban mutane ya kira ni maƙaryaci maci amana. Na ce masa ya yi haƙuri, ba wuta, in kuma ba zai iya jira ba ga kayansa nan. Ya ɗauka ya tafi. Masallacinmu ɗaya, amma tun ranar ba ma gaisawa. Na san na yi laifi, amma shi ma ya ci mutuncina a gaban yarana. Wa ya kamata ya fara neman wani?

Amsa: Kai ne, Malam tela, kuma ina ganin ka riga ka sani, shi ya sa ka rubuto. Na ji daɗin wasiƙarka ƙwarai, domin yawancin masu rubuto mana waɗanda aka yi wa laifi ne, ba kasafai wanda aka kawo wa kuka yake tambayar yadda ya kamata ya amsa ba.

Bukhari ya ruwaito cewa wani mutum ya zo yana bin Manzon Allah (SAW) bashin raƙumi, ya kausasa harshe har sahabbai suka yunƙura za su taɓa shi, sai Annabi ya ce su ƙyale shi, domin mai haƙƙi yana da magana. Sannan ya sa aka biya shi da raƙumin da ya fi nasa, ya ce mafi alherin mutane shi ne wanda ya fi kyautata biya. Mutumin nan naka mai haƙƙi ne. Ka tuna halin da yake ciki a daren: ya sayi shadda da kuɗin da wataƙila ya daɗe yana tarawa, ya kawo da wuri don kada a samu matsala, gari zai waye kowa ya fita Idi da sabon kaya, shi kuma ya koma gida da ƙyalle a leda, ya tsaya yi wa iyalinsa bayani. Zagin da ya yi maka bai dace ba, amma a bayan laifinka ya zo, kuma laifinka ne ya haife shi.

Ka duba amsar da ka ba shi. “Yi haƙuri” idan ta fito daga bakin mai jaje, sanyaya zuciya take yi, amma idan ta fito daga bakin wanda ya yi laifi ba tare da ya ambaci laifin ba, mai sauraro umarni yake ji, kamar an ce masa ya rufe baki. Uzurin wuta kuma bai tsaya da ƙafarsa ba, tun da almakashi ba ya buƙatar lantarki, shi ma kuma ya san haka. Da ka ce ya ɗauki kayansa, ka nuna masa cewa ciniki da zumuncin shekaru ba su kai ka tsaya ka ji zafinsa na minti biyar ba, alhali gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Ka same shi a gidansa, ba a ƙofar masallaci a gaban jama'a ba. Ka ce masa, “Na yi maka alkawari na saɓa, na kuma ɓoye maka gaskiya har daren Sallah, ka yafe mini.” Kada ka haɗa da “amma,” kada kuma ka tayar da zancen zagin a wannan zama, sau da yawa idan mutum ya ga an amsa laifi gaba ɗaya, shi da kansa yake cewa shi ma ya wuce gona da iri. Ka tafi da kafin alƙalaminsa a aljihu ka miƙa masa, ka roƙe shi ya dawo da shaddar ka ɗinka masa ba tare da ka karɓi komai ba, ka sa rana ka cika. Kada ka jinkirta, domin hadisi ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ya kuma ce mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Kafin Sallah mai zuwa kuma ka sayi littafi ka riƙa rubuta kowane ɗinki da ranar karɓarsa, idan ya cika ka daina karɓa, wanda ka ga ba za ka iya gamawa ba ka kira mai shi tun ana saura mako biyu, lokacin da zai iya kai wa wani. Yaran nan biyar da kake jin kunyar an zage ka a gabansu, yadda ka warware wannan magana shi ne abin da za su ɗauka su tafi da shi nasu shagunan.

Tambaya: Malam, ni magidanci ne a Samaru. Maƙwabcina ya sako kwatar gidansa ta bi ta ƙofar gidana, ga wari ga sauro, yarana kuma a nan suke wasa. Sau biyu na yi masa magana, ya ce zai gyara, bai gyara ba. Ina tunanin in ɗauki hoton wurin in sa a Facebook da sunansa, ko kunya za ta sa ya motsa. Ya halatta?

Amsa: Kada ka yi, ɗan'uwa, domin da sauran matakai a gabanka. Abu Dawud ya ruwaito labarin mutumin da ya kawo kukan maƙwabcinsa ga Annabi (SAW), aka ce ya je ya yi haƙuri, ya dawo har sau biyu ko uku, sannan aka ce ya fitar da kayansa ya zuba a kan hanya, masu wucewa suna tambaya yana ba su labari, har maƙwabcin ya zo ya roƙe shi ya koma gida. Fitar da zance fili yana da wurinsa ke nan, amma a ƙarshe ya zo, da umarnin shugaba, kuma a gaban mutanen unguwa waɗanda suka san su duka biyu. Facebook kuwa zai kai sunan mutumin da ƙofar gidansa ga dubban da ba su san shi ba, magana kuma zarar bunu ce, ko ya gyara kwatar gobe hoton yana nan.

Ka je wurin mai unguwa ka roƙe shi ya zo da kansa da safe, lokacin da ake wanke-wanke ruwan yana gudu, ya gani da idonsa, a kira maƙwabcin a sa ranar gyara a gaban dattawa biyu. Idan ranar ta wuce bai yi ba, Samaru tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Sabon Gari, kuma aikin duba-gari na sashen lafiyarta ne su zo su duba irin wannan su ba shi wa'adi a rubuce. Kafin a kai can, ka tambaye shi a keɓe ko kuɗin bututu da haƙa rami ne suka gagare shi, domin in haka ne, ka ɗauki rabin kuɗin ko ka ba da yaranka manya su taya shi haƙa, a rufe wurin kafin ruwan damina ya sauka.